Kumburin Furostet da Maganin Gargajiya: Tambayoyin da Dattawa da 'Ya'yansu Ke Yi

Larurar fitsari tana cikin abubuwan da dattijo ba ya son faɗa. Zai ba ka labarin ciwon gwiwa, zai ba ka na hawan jini, amma tashin da yake yi sau huɗu ko biyar cikin dare sai dai uwargida ta sani. Shi ya sa mai tallar magani da lasifika a kan mota ya fi likita samun irin waɗannan majinyata, domin shi ba ya tambaya, ba ya cewa a kwanta a duba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan larura da magungunan itatuwa da ake sha dominta.

Mene ne furostet, kuma me ke sa shi kumbura?

Wani ƙullutu ne da maza kaɗai ke da shi, yana ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar da fitsari ke bi ya fita. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A jikin saurayi girmansa bai wuce na goro ba, nauyinsa kimanin giram 20. Daga shekara 40 zuwa sama sai ya riƙa ƙaruwa a hankali, saboda shekaru da kuma aikin sinadarin mazantaka, wanda jiki ke juya shi zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Da yake hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa, idan ya girma sai ya matse ta.

Kusan rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da wannan kumburin, a waɗanda suka haura 80 kuwa yana kaiwa kashi 90 cikin 100. Ba duka ne yake damu ba. Wani nasa ya yi girma sosai amma fitsarinsa lafiya lau, wani kuma ɗan kaɗan ya ƙaru amma ya hana shi barci.

Ta yaya mutum zai gane?

Fitsari ya rage ƙarfi, sai an jira kafin ya fara zuwa, yana yankewa, sai an yi yunƙuri, a gama a ji kamar da saura, a miƙe kuma ɗigo ya biyo baya. Sai yawan tashi da dare, da matsuwar da ba ta ba mutum damar kaiwa makewayi. A asibiti akwai tambayoyi 7 da ake yi, a haɗa maki daga 0 zuwa 35. Daga 0 zuwa 7 larura ce mai sauƙi, 8 zuwa 19 matsakaiciya, 20 zuwa sama mai tsanani.

Ina da waɗannan alamomi. Me zai hana in fara da na gargajiya, in bai yi ba sai in je asibiti?

Abin da zai hana, Malam, shi ne ba ka san me kake yi wa magani ba. Waɗannan alamomi ba na kumburin furostet kaɗai ba ne, kuma a ƙasarmu masu kama da shi suna da yawa.

Wanda ya taɓa yin ciwon sanyi da ƙuruciya bai warke da kyau ba, hanyar fitsarinsa kan yi tabo ta tsuke bayan shekaru, kuma tabo ba ya jin jiƙo. Mai ciwon suga da bai san yana da shi ba, shi ma zai yi ta zirga-zirga da buta cikin dare. Wanda ya taso a gefen kogi ko madatsar ruwa ya yi tsargiya yana yaro, tana iya barin illa a mafitsara, har ta kai ga kansar mafitsara a tsufa. Akwai tsakuwa, akwai ƙwayoyin cuta. Sannan ga babbar, wato kansar furostet, wadda ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma ta fi tsanani a baƙar fata. Ita wannan takan yi shiru a farkonta, in kuma ta yi magana da muryar kumburi na yau da kullum take yi.

Mai maganin bakin kasuwa duk waɗannan suna ɗaya yake ba su: sanyi, ko dattin mara. Shekara biyu da mutum zai yi yana shan maganin sanyi, tana iya isar kansa ta bar furostet ta shiga ƙashin baya. Don haka a juya tsarin: a fara da gwaji. In aka tabbatar kumburi ne kawai, kuma mai sauƙi, to a nan ne maganar itatuwa ke da wurin zama.

To, akwai ganye ko sassaƙe da ke narkar da kumburin?

Babu wanda aka tabbatar yana yin haka. Waɗanda suka fi kyawun sakamako a gwaji, iyakarsu su ɗan sassauta alamomi: a rage tashin dare, fitsari ya ɗan ƙara gudu. Duk wanda ya ce maka garinsa yana narkar da furostet cikin sati biyu, ka nemi ya nuna hoton sikanin kafin sha da bayan sha.

Ɗana ya aiko min da ƙwayoyin saw palmetto daga waje. Suna aiki?

Wannan shi ne ya fi kowanne suna a duniya. 'Ya'yan wani gajeren icce ne dangin dabino da goriba, yana fitowa a kudu maso gabashin Amurka, musamman Fulorida. Ƙananan gwaje-gwaje na farko sun yaba shi, har aka yi zaton an samu mafita. Da aka zo manyan gwaje-gwaje sai labari ya sha bamban. A 2006 an fitar da sakamakon gwaji a kan maza 225 a Amurka: wasu aka ba su miligiram 160 sau biyu a rana tsawon shekara, wasu aka ba su ƙwayar wofi da babu magani a ciki, ba tare da kowa ya san wadda yake sha ba. Ba a ga bambanci ba. Masu kare shi suka ce adadin ne ya yi kaɗan. A 2011 aka sake da maza 369, aka riƙa ƙarawa har miligiram 960 a rana, ninki uku ke nan, tsawon sati 72. Nan ma babu bambanci.

A Turai akwai wani nau'i da ake tacewa ta hanya ta musamman, ana sayar da shi da sunan Permixon, wasu likitocin can suna rubuta shi, kuma suna da gwaje-gwajensu da ke goyon bayansa. Amma yawancin kwalaben da ke shigowa kasuwanninmu ba shi ba ne. Abin da za a yaba wa saw palmetto shi ne bai cika cutarwa ba, sai ɗan ɓacin ciki. In Baba yana shan maganin tsinka jini, a gaya wa likita kafin a fara.

An ce akwai wani sassaƙe na Kamaru da Turawa ke saye. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Iccen sunansa na kimiyya Prunus africana, a jikin kwalba kuma za ka ga an rubuta pygeum. Ba iccen dajinmu na fili ba ne, na tsaunuka ne masu sanyi da hazo: Dutsen Kamaru, Dutsen Oku a arewa maso yammacin ƙasar, tsaunukan Adamawa, da tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Akwai shi kuma a Kenya da Kwango da Madagaska. Mutanen waɗannan wurare sun daɗe suna dafa ɓawonsa don zazzaɓi da ciwon ciki da matsalar fitsari. A shekarun 1960 Faransawa suka tace shi suka mai da shi ƙwaya, wadda aka sani da Tadenan, daga nan Kamaru ta zama babbar mai fitar da ɓawon zuwa Turai.

Kuɗi ya shigo, sai ɓarna ta biyo. Ƙa'idar sassaƙa ita ce a ɗebi gefe biyu masu kallon juna, a bar sauran, a ba iccen shekaru ya mayar da fatarsa. Masu gaggawa suka riƙa feɗe shi kaf daga gindi zuwa reshe, wasu ma su sare shi. Itatuwa suka yi ta mutuwa a tsaye. A 1995 aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar CITES ta tsirrai da dabbobin da ake sa wa cinikinsu ido, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da shi daga Kamaru, sai bayan 'yan shekaru aka ɗage.

Ta fuskar aiki, ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen magani ta auna su, ta duba gwaji 18 da suka haɗa maza 1,562 a rahotonta na 2002. Tashin dare ya ragu da kimanin kashi 19 cikin 100, gudun fitsari ya ƙaru da kashi 23. Ba abin rainawa ba ne. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, tsofaffi, kuma yawancinsu ba su wuce wata biyu ba, alhali larurar ta shekaru ce. A ganina cikin itatuwan da ake ambata wannan yana sahun gaba, amma a lura: abin da aka gwada tataccen sinadari ne da aka auna, miligiram 100 zuwa 200 a rana. Jan sassaƙen da wani zai ɗauko daga buhu a kasuwa ya ce na Kamaru ne, ba ka da hanyar sanin ko shi ne, balle yawan abin da za ka dafa.

'Ya'yan kabewa fa?

Wannan kam yana gidan kowa, kuma yawanci zubar da shi ake yi in an fafe kabewar miyar taushe. A Jamus an yi gwaji a kan maza 1,431 tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2015. Waɗanda suka ci giram 5 na 'ya'yan kabewa safe da yamma, kimanin kashi 58 cikin 100 sun samu sauƙin da ake iya aunawa. Waɗanda suka sha ƙwayar wofi, kashi 47. Ratar ba ta da yawa, amma akwai ta. Abinci ne, ba shi da tsada, ba shi da illar da aka sani. A wanke, a shanya, a ɗan soya sama-sama ba gishiri, a ɓare a ci. Mai larura mai sauƙi da likita ya riga ya duba, ba abin da zai yi asara in ya gwada.

Na ga wata kwalba an rubuta beta-sitosterol.

Sinadari ne da ke cikin tsirrai da yawa, ana kuma ciro na magani daga wasunsu, ciki har da wata saiwa ta Afirka ta Kudu. Gwaji 4 a kan maza 519 sun nuna yana sassauta alamomi da ƙara gudun fitsari na ɗan lokaci. Girman furostet bai ragu ba.

Namu na gida fa, irin su zogale, habbatus sauda, tafarnuwa, namijin goro da shuwaka?

Yawancin binciken da ake kafa hujja da shi a kan waɗannan, a jikin ɓeraye aka yi shi ko a kwanon gwaji. Irin wannan bincike mataki ne na farko, yana nuna inda ya kamata a duba, ba ya nuna cewa dattijo ɗan shekara 70 zai daina tashin dare. Zogale abinci ne mai kyau, a ci kwaɗonsa. Tumatir ma haka, ko da yake hujjar da ake kawowa cewa jan sinadarinsa yana gyara furostet ba ta da ƙarfi. Habbatus sauda tana da matsayinta a zukatan Musulmi saboda hadisin da ya zo a kanta, kuma ba wanda ya ce a daina sha. Amma addinin da ya yabe ta shi ne ya ce a nemi magani, kuma sanin cutar yana cikin neman maganin.

Saiwar zogale daban take da ganyensa, a guje ta. Tafarnuwa da citta in aka yawaita suna iya ƙara zubar jini, don haka wanda aka sa wa ranar tiyata ya faɗa wa likita duk abin da yake sha.

Amma maƙwabcina ya sha jiƙo ya samu sauƙi, da idona na gani.

Ba ƙarya ya yi ba. Koma ka dubi gwajin Jamus ɗin can: kusan rabin waɗanda suka sha ƙwayar da babu komai a cikinta sun ce sun ji sauƙi. Larurar ce da kanta take hawa da sauka. Takan tsananta da sanyin hunturu, ko in ciki ya ɗaure, ko an sha maganin mura, sannan ta lafa. Mutum kuwa ba ya neman magani sai ranar da abin ya kai maƙura, saboda haka duk abin da ya sha a ranar shi zai samu yabon sauƙin da dama yana tafe. Ƙari a kan haka, mai magani yakan ce a bar goro da shayi da dare, wannan shawarar ita kaɗai tana aiki.

Ai na itace ne, ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Ko ba haka ba?

Ba haka ba ne. Zaƙami ma ba daga masana'anta ya fito ba. Haɗarin a nan iri uku ne.

Na farko ƙoda. Idan mafitsara ba ta zubar da fitsari duka, matsin yakan koma sama ya taɓa ƙoda ba tare da mutum ya ji ciwo ba. Ƙodar da ta riga ta wahala, a ɗora mata jiƙon da ba a san haɗinsa ba, ga jar kanwa a ciki, abin yakan ƙare a layin wankin ƙoda. Kanwa kuma cike take da sinadarin gishiri, ba ta dace da mai hawan jini ba. Jiƙon da ke sa yawan fitsari, wanda ake cewa yana wanke mara, cika mafitsara yake yi da sauri alhali ƙofar a matse take, wannan kuwa yana iya jawo fitsarin ya tsaya gaba ɗaya.

Na biyu algus. Ba a nan kaɗai ake yi ba. A Amurka an yi wani haɗin ganyayyaki mai suna PC-SPES da masu ciwon furostet suka yi rububinsa, har aka janye shi daga kasuwa a 2002 bayan an gano maganin tsinka jini na warfarin a cikinsa, bincike kuma ya nuna har da sinadarin mata na roba. A wajenmu abin da aka fi cusawa shi ne sildenafil, wato sinadarin Viagra, a cikin maganin ƙarfin maza da ake cewa na gargajiya ne zalla. Wanda ke shan maganin furostet na asibiti ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa ya yanke jiki. Mai shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, haɗin yana iya kashe shi.

Na uku jinkiri, kuma an yi bayaninsa a sama.

Idan akwai lambar NAFDAC a jiki fa?

Ta fi babu. Amma yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an duba an ga ba su da guba a gwajin da aka yi, aka sa su a jeri na wani wa'adi. Ba shaidar cewa suna warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Wasu kuma lambar ma ta jabu ce.

Me asibiti ke bayarwa, kuma zan iya haɗawa da na gargajiya?

Akwai iri biyu da aka fi bayarwa. Tamsulosin da danginsa suna saki naman da ya ɗaure wuyan mafitsara, ana jin aikinsu cikin kwanaki. Sukan sa jiri in an miƙe da sauri, wasu mazan kuma su ga maniyyi ya ragu. Mai shan sa da za a yi wa aikin yanar ido ya sanar da likitan ido tun kafin ranar. Finasteride da dutasteride su ne ke rage girman ƙullutun da gaske, da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, amma sai an yi haƙurin wata 6 ko fiye, kuma suna iya rage sha'awa. Suna kuma rage sakamakon PSA, wato gwajin jinin da ake yi don neman alamar kansar furostet, da kusan rabi, don haka duk likitan da zai karanta gwajin ya san kana sha. Mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsu. In magani ya gaza akwai tiyata, kuma a manyan asibitoci ana kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba.

Haɗawa da 'ya'yan kabewa ba matsala. Sauran kuwa, ɗauki kwalbar ko ƙullin ka kai wa likita ya gani. Kada kunya ta sa ka ɓoye, ba kai ne na farko ba.

Akwai abin da zan gyara a gida ba tare da na sha komai ba?

Akwai, kuma wani lokaci ya fi ƙwaya tasiri. Goro, shayi mai kauri da kofi duk suna tsokanar mafitsara, a rage su, musamman daga la'asar. A sha ruwa sosai da rana, a taƙaita awa biyu kafin kwanciya. Da azumi, maimakon a kwankwaɗi ruwa da kunu da zoɓo a zama ɗaya, a rarraba tsakanin buɗa baki da sahur. Kada a bar ciki ya ɗaure. A kiyayi maganin mura da tari na kemis, irin masu sa barci da masu buɗe hanci, da tramadol da kodin, domin suna cikin abubuwan da ke tsayar da fitsarin dattijo dare ɗaya. Mai shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari ya tambayi likita ko zai mayar da ita safe. In an gama fitsari a ɗan jira, a sake gwadawa. Tafiyar ƙafa da rage tumbi suna taimakawa.

Masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan sun nuna a 2014 cewa mai wannan larura ya fi zubar da fitsari sosai a zaune a kan a tsaye. Wanda gwiwa ta hana shi tsuguno ya samu abin zama, kada ya koma tsayuwa.

Kumburin yana rikiɗa ya zama kansa? Kuma gaskiya ne rashin kusantar iyali ke kawo shi?

Ba ya rikiɗa, amma mutum ɗaya yana iya samun duka biyun, shi ya sa ake gwaji. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi kansar furostet ya fara tuntuɓar likita tun yana shekara 40 zuwa 45. Maganar iyali kuwa, yawa ko ƙaranci, ba ita ke kawo kumburi ba, ƙarin aure kuma ba ya maganinsa.

Ɗigon fitsari yana hana ni sakewa da alwala. Ya zan yi?

Ɗigon bayan an gama yawanci ragowar da ta maƙale a hanya ce. A sa yatsu a bayan 'ya'yan maraina a matso gaba a hankali sau biyu ko uku kafin tsarki. Wanda nasa ya zama yoyo na kullum, fiƙihu ya yi masa sauƙi a babin mai yoyon fitsari, sai ya tambayi malaminsa yadda hukuncin ya hau kansa. Amma yoyon da ke zuwa ba a sani ba, musamman cikin barci, yana iya zama alamar mafitsara ta cika ta batse, wannan na likita ne da gaggawa.

Mahaifinmu fitsari ya ƙi fita tun dare, mara ta kumbura. Wane jiƙo za mu ba shi?

Kada ku ba shi komai, ko ruwa kada ku ɗura masa da sunan turo fitsarin. Ku kai shi asibiti mafi kusa yanzu, a sa masa roba a zubar. Minti kaɗan ne aikin, kuma sauƙin nan take yake zuwa. Sa roba ba ya nufin zai dawwama da ita, sau da yawa ana fara masa magani a cire bayan 'yan kwanaki a gwada. Haka za ku gaggauta in kun ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da rawar sanyi tare da zafin fitsari, ko kumburin ƙafa da amai, ko ciwon baya da ƙugu mai hana barci tare da rama.

Ina za a je, kuma me za a yi wa mutum a can?

A fara da babban asibitin da ke kusa. Za a yi tambayoyin nan 7, a gwada fitsari da suga da lafiyar ƙoda, a ɗauki jini don PSA, a yi sikanin mara a ga girman furostet da yawan fitsarin da ke saura. Likita zai kuma sa yatsa da safar hannu ta dubura ya taɓa ƙullutun, abin da dattawa da yawa ke gudu, alhali bai kai minti ɗaya ba, kuma kana da damar neman likita namiji. In da buƙatar ƙwararre, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin mafitsara na Abubakar Imam, a Zariya akwai na Shika, a Sakkwato na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Nijar kuma manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. A tafi da duk magungunan da ake sha, na kemis da na gargajiya, a leda ɗaya.